Ranar da Maman Yerim Ta Sauke Tafintarta

A garin Tacoma na Amurka, in ka tambayi wata mata mai suna Yang Kumsun, mutanenmu 'yan Koriya sai su yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Maman Yerim mai kaza, ko yaro zai nuna maka hanya. Haka muke: da zarar mace ta haihu, sunanta ya shiga akwati ke nan. Ita kuwa ko a jikinta. Cewa take sunan Yerim ya fi nata daɗi a kunne, don ita ta zaɓe shi da kanta, nata kuwa kaka ce ta liƙa mata don dai kar a ce yarinya ba ta da suna.

An haife ta a wani ƙauyen masunta kusa da garin Mokpo a ƙasar Koriya. Ta yi ƙuruciyarta tana shanya ganyen teku a kan duwatsu, ta yi budurcinta a bakin keken ɗinki a wata masana'anta a Seoul. Daga nan aure ya kawo ta Amurka a bayan Mista Pyo, mutumin da in ya yi magana sau biyu a yini sai an tambaye shi ko lafiya. Suka yi wanke-wanke a gidan abincin wani, suka yi sharar ofisoshi, har Allah ya ba su nasu shagon na teriyaki, gasasshiyar kaza da shinkafa, jikin wani garejin gyaran motoci. Shi yana ciki a bakin wuta, ita tana gaba tana sallamar masu saye.

Turancin Kumsun a wancan lokaci bai wuce na ciniki ba: kaza ko naman sa, da yaji ko babu yaji, na gode, sai gobe. Amma abin da kunnenta ya kasa kamawa, idonta ba ya bari ya wuce. Mutum yana turo ƙofa ta san ko yunwa ce ta koro shi ko faɗa ya yi da matarsa. Ta san wanda zai cinye kazar tas sannan ya dawo yana ƙorafin ba ta gasu ba. Sauran al'amuran duniya kuwa, duk abin da ya wuce kaza da shinkafa, na Yerim ne.

Yarinyar ba ta gama famfara ba aka fara ɗora ta a kan buhun shinkafa don hannunta ya kai wayar da ke jikin bango. Ita ke magana da mai gidan haya. Ita ke bin duba-gari in ya zo leƙa firiji. Ita ta tsaya tsakanin babanta da likita ranar da aka duba masa ciwon baya. Kumsun kuwa alfahari kamar ya fasa ta. A coci, in mata suna kukan rashin wanda zai raka su asibiti, sai ta gyara zama ta ce, "Ni kam Allah ya hutar da ni. Na haifi bakina da kaina."

Wata rana wani ƙato mai jar hula ya tsaya a gabanta ya yi ta zuba, jijiyar wuyansa a tashe, yana nuna ta da yatsa yana nuna ƙofa. Yerim tana 'yar aji huɗu lokacin. Ta saurare shi har ya gama, ta juyo wurin uwarta, wadda take kira Omma, da wata 'yar murya mai sanyi ta ce, "Omma, cewa ya yi miyar ta yi gishiri."

"Duk wannan kumfar bakin a kan gishiri?"

"E."

Daga irin wannan ne Kumsun ta yanke wa Turanci hukunci. Ta sha gaya wa mata cewa harshe ne na almubazzarai: Bature zai yi maganar da za ta cika tukunya, in an tace ba ta fi cokali ba. Mata su yi ta dariya, don kusan kowacce tana da ɗa ko 'ya mai tace mata, kuma su ma abin da suka gani ke nan. Babu wadda ta taɓa tambayar inda sauran maganar take tafiya.

Yerim ta girma da suna biyu, a gida Yerim, a makaranta Lydia, kuma babu wanda ya zauna mata daidai. 'Yan ajinsu sukan tambaye ta yaushe za ta koma China, su toshe hanci wai gashinta na warin hayaƙi. A coci kuma yaran da ba su daɗe da zuwa daga Seoul ba sukan sa ta maimaita magana don su sha dariya, wai Koriyancinta na tsohuwar ƙauye ne a bakin jaririya. Uwar ba ta san ko ɗaya ba. Wa zai gaya mata? Duk labarin da zai shigo gidan daga waje, ta bakin Yerim yake bi.

Shekarar da ta cika sha shida sai yarinya ta fara zubewa. Ta daina shiga 'yan waƙa a coci. In ta dawo daga makaranta sai ta haye buhunan shinkafa a ɗakin ajiya ta juya wa ƙofa baya. Kumsun ta dube ta ta ce ƙarancin jini ne, ta ɗora romon ƙashin sa ta yi ta ɗura mata. Tambayarta kullum ɗaya ce, wadda uwarta ta yi mata, wadda duk muke yi wa 'ya'yanmu mu ɗauka mun sauke nauyi: "Kin ci abinci?" Yerim ta ce ta ci, sai kowa ya kama gabansa.

Wata safiya wayar bango ta yi ƙara alhali Yerim tana makaranta. Kumsun ta ɗauka. Cikin zubar da aka yi mata ta tsinci abu uku: Lydia, makaranta, gobe. Ta yi ta godiya da ɗan Turancinta ta ajiye. To me zai sa a kira uwar yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, in ba yabo ba? Ta sayo kwalin lemo, ta goge rigarta ta zuwa coci.

Ofishin ƙarami ne, na malamar da ke ba ɗalibai shawara, wata doguwar Baturiya mai furfura, Misis Lindgren. Makarantar ba ta tanadi tafinta ba. Yerim ta ce ai ita ke yi kullum, aka bar ta. Kumsun ta miƙa kwalin lemo da hannu biyu, ta rusuna, ta ɗosana a bakin kujera.

Malamar ta fara magana a hankali, tana tsayawa tana haɗiyar yawu. Ta daɗe tana yi. Da ta kai aya sai Yerim ta juyo.

"Ta ce ina ƙoƙari. Ta ce dai in riƙa samun barci."

"Ki ce mun gode. Ki ce kar ta raga miki, ta ƙara matsa miki lamba. Yaran ƙasar nan hutu ya yi musu yawa."

Yerim ta juya ta faɗi wani abu da Turanci. Malamar ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa ƙirji, ta miƙo hannu ta riƙe na Kumsun. Sannan ta turo kwalin tishu gabanta. Kumsun ta duba rigarta ko wani abu ne ya ɗiga, ba ta ga komai ba. Ta zari ɗaya don kar a ce ta raina kyauta, ta ninke ta sa a aljihu.

Sai da ta koma shago, rana ta take, masu gareji sun cika wurin, sannan abin ya dawo mata. Tana zuba wa wani direba shinkafa sai ta tsaya da ludayi a hannu. Shekara nawa ta yi tana karatun fuskar Turawa? Ta san fuskar yabo, ta san ta ƙorafi. Fuskar malamar nan ba ta cikinsu, amma ta san ta. Da irinta maƙwabta suka shigo gidansu a ƙauye ranar da jirgin mahaifinta ya ƙi dawowa daga teku. Kuma ina aka taɓa tura wa uwar yarinya mai ƙoƙari abin share hawaye? Sai muryar Yerim ta faɗo mata, mai sanyin nan, mara hawa da sauka. Ita ce muryar ranar mai jar hula.

Ta leƙa kicin. "Baban Yerim, akwai maganar da yarinyar nan ta haɗiye."

Ya juya kaza. "Ki tambaye ta mana."

"In tambayi tafinta ko tafinta ta yi ƙarya? Da wane kunnen zan gane?"

Ya ci gaba da juya kazarsa har ta ɗauka ya gama maganarsa ta ranar. Can ya ce, "Kar dai a ji a coci."

Nan gizo ke saƙar. Dole ta koma makarantar da wani bakin, kuma duk mai baki biyu a garin nan ɗan cocinmu ne. Ga matar fasto, mai digiri, Turanci a bakinta kamar ruwa. Amma duk abin da ya shiga kunnenta sai ta ce bari a sa a addu'a. Mu fa ba ma gulma a cocinmu, Allah ya kiyaye. Addu'a muke yi wa mutum, da sunansa da na ubansa da cikakken bayani, kuma kafin a tashi daga addu'ar asuba labari ya kai har birnin Seattle. Yarinyar da aka taɓa cewa kanta ya taɓu, wace uwa ce za ta bari ɗanta ya kalle ta?

Saura Chunja. Misis Tucker ake ce mata a gaban ido, matar soja a bayan ido, da wata irin murya da ake jan kalmar da ita. Ta riga kowa zuwa garin. Tun a Koriya ta auri wani sajan baƙar fata, wanda ya rasu ya bar ta, kuma a falonta aka fara taruwa ana sujada kafin a sami gini. Rabin masu ɗaga hanci a cocin nan ita ta ɗauko su daga filin jirgi, ita ta nemo musu ɗakin haya. Da suka yi ƙiba suka sami muƙamai, sai suka tuna a bakin bariki ta haɗu da mijinta. Ranar Lahadi in ana cin abinci bayan sujada, teburinta na bakin ƙofar kicin, ita kaɗai, daga nan ta tashi ta wanke manyan tukwane. Abin kunya ne, kuma namu ne mu duka. Kumsun ma ba ta fita ba, gaisuwar kai kawai take yi mata ta wuce da farantinta.

Washegari da safe Kumsun ta same ta tsugune a lambunta tana cire ciyawa cikin barkono, da taba a gefen baki.

"A'a! Yau wace rana? Matar Mista Pyo a ƙofata? Ko mota ce ta mutu miki a layinmu?"

Kumsun ta rusuna fiye da yadda ta taɓa yi mata. Ta yi bayani a taƙaice, idonta a ƙasa.

Chunja ta kakkaɓe hannu ta miƙe. "Ga matar fasto da digirinta. Ga 'yar Dattijo Nam mai aikin banki. Duk kika tsallake su kika zo wurin mai wankin tukwane. In faɗi dalili ko ke za ki faɗa?"

Kumsun ta ƙara sunkuyar da kai, Chunja ta amsa wa kanta.

"Don kin san ba ni da wanda zan ba labari ne. Ko na so yin gulmar, wa zai zauna ya ji?"

Kumsun ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana iya rantse-rantse, tana iya kame-kame, amma ba ta yi ba. Ta ɗago ta ce, "Haka ne. Gaskiya kika faɗa, kuma na san ban cancanta ba. Amma 'yata ce, Yaya."

Ba ta taɓa kiranta Yaya ba. Babu wadda ta taɓa a cocin nan. Chunja ta murje tabar a jikin dutse.

"Turancina na bariki ne fa, Maman Yerim. Ba na tace magana. In an ce kashi, kashi zan ce miki."

"Shi na zo nema."

"To tsaya in canza takalmi."

Misis Lindgren ta yi mamakin ganinsu. Da Chunja ta gaya mata abin da aka fassara jiya, sai ta rufe baki da hannu. Ta sake ɗauko maganar daga farko. Wannan karon duk jimlar da ta fito da Turanci sai ta dawo da Koriyanci da tsawonta da nauyinta, babu abin da ya zube a hanya.

Yerim ta daɗe tana ƙin shiga aji. Lokacin cin abinci a ban-ɗaki ake samunta, zaune a ƙasa. Ta gaya wa malamar ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta ce wani lokaci takan so ta kwanta kada ta farka. Ta ce ba za ta iya gaya wa iyayenta ba, sun sha wahala dominta, kuma in ita ta faɗi wa zai riƙa yi musu magana?

"Jiya kuma," in ji Chunja, "da kika ce a ƙara matsa mata, ita cewa ta yi kin ce za ki kai ta likita cikin makon nan."

Kumsun ta sa hannu a aljihu ta ciro tishun jiya, a ninke yadda ta sa shi. Bai ishe ta ba. Da ta samu murya sai ta ce a kira mata 'yarta, gida za su tafi.

Yerim tana shigowa ta ga Chunja zaune kusa da uwarta, sai ta gane asiri ya tonu. Suna isa shago Kumsun ta juya allon ƙofa, ta murza makulli. Tunda aka buɗe shagon nan ba a taɓa rufe shi da rana ba, ko ranar da Mista Pyo ya ƙone hannu. Ya leƙo daga kicin.

"Rana tsaka? Masu gareji na hanya."

"Su ci burodi yau." Ta nuna wa Yerim kujera. "Zauna."

"Omma, bari in yi miki bayani."

"Bayani ya isa. Tun kina famfara kike bayani." Ta zauna suna fuskantar juna. "Mutumin nan mai jar hula. Me ya ce?"

Yerim ta zaro ido. Ta zaci faɗa za a yi mata a kan makaranta. "Omma, ai an daɗe."

"Kin manta?"

Ba ta manta ba, ko kalma ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta fara jerowa. Ya ce su koma inda suka fito. Ya ce su masu cin kare ne, wa ya san abin da ke cikin miyar. "Sannan ya kira ki da wani suna. Ban san shi da Koriyanci ba."

"Ni na san shi," in ji Chunja daga inda take tsaye. "An sha kirana da shi, da harsunan biyu."

"Mai gidan haya fa?" in ji Kumsun. "Ranar da kika ce gaisuwa ya kira ya yi?"

"Cewa ya yi warin kimchi, kabejinmu mai tsami, ya kori maƙwabta, in bai daina ba zai watso mana kaya waje."

Kumsun ta buga tebur da tafin hannu har kwalbar yaji ta faɗi. "Ni aka zaga! Nawa ne! Da wane dalili za ki cinye min zagina? Ni da na ga yunwa, na ga gawa a bakin teku, zagin wani ƙato ne zai kashe ni? Ke kuwa kina 'yar mitsitsiya, ina kika sami wurin ajiye shi?" Ta kamo hannun yarinyar ta riƙe gam. "Laifina ne. Na ɗora ki a kan buhu na ce kin girma. Ki buɗe kunne ki ji: daga yau na sauke ki. Ba ke ce bakina ba, ba ke ce kunnena ba. 'Yata ce ke kawai. Yanzu gaya min naki, dukansa."

Yerim ta ɗago. Hawaye ya ɓalle mata. "Ba ni da Koriyancinsa, Omma. Na san yadda ake cewa hawan jini, na san lasisi, na san haraji. Wannan ban san sunansa ba."

"Faɗa da Turanci."

Chunja ta jawo kujera ta juya ta tana fuskantar bango, ta zauna ta ba su baya. "Ku ɗauka ba na nan," ta ce. "Bango ne ya yi baki."

Haka aka yi. Yerim ta yi magana da harshen da take kuka da shi a ban-ɗakin makaranta, muryar Chunja mai kaushin taba tana mayarwa da harshen ƙauyen Kumsun. Ta faɗi na China da na hayaƙi, ta faɗi na yaran coci, ta faɗi yadda take farkawa da safe ta ji kamar an ɗora mata buhu a ƙirji. Masu gareji suka zo suka ƙwanƙwasa suka gaji suka tafi. Mista Pyo ya kashe wuta ya tsaya a bakin ƙofar kicin, hularsa a hannu, bai zauna ba har aka gama. Sannan ya koma ciki ya fito da shinkafa kwano uku. Na Chunja ya fara ajiyewa, da hannu biyu, ya rusuna mata.

Kar wani ya ɗauka daga ranar ciwo ya tafi. Irin wannan ba ya tafiya don an yi kuka sau ɗaya. An je likita cikin makon, yadda Yerim ta yi wa malamar alkawari da sunan uwarta ba tare da saninta ba. An sha magani, an canza magani. Akwai watannin da yarinya ta yi dariya har ta ƙara shinkafa, akwai lokacin da ta ajiye makaranta zango guda ta koma kan buhuna. Kowane mako Kumsun ke tuƙa ta zuwa wurin likita, ta zauna a ɗakin jira da jakarta a cinya, tana kallon kifaye a cikin gilashi. Ta ce su kaɗai ne a ginin Turancinsu bai fi nata ba.

Labari ya fita, amma ba ta bakin Chunja ba. Wata ce ta hango motarsu a ƙofar asibitin. Lahadin da ta biyo baya matar fasto ta tare Kumsun a layin ɗibar abinci, ta kashe murya ta ce, "Maman Yerim, mun sa Yerim a addu'a."

"Na gode ƙwarai," in ji Kumsun da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi zai ji. "Ku haɗa da likitanta, mutumin kirki ne. Wadda ke son lambarsa ta same ni a shago."

Ta ɗauki farantinta ta wuce teburin matan dattawa, ta wuce inda ta saba zama, ta je bakin ƙofar kicin ta ja kujera kusa da Chunja. An yi ta magana, ba a fasa ba. Wasu sun daina sayen kazarta. Amma kafin shekara ta zagayo mata biyu sun zo karɓar lambar, kowacce ta ƙofar baya, kowacce tana cewa 'yar ƙanwarta ce ba ta da lafiya. Kumsun ta ba su ba ta tambayi sunan ƙanwar ba.

Ta shiga ajin koyon Turanci na safe a ɗakin karatu na unguwa, ita da wasu tsofaffi 'yan Rasha. Abin da malamar aji ba ta koya mata ba, Chunja ta cike. Ranar da aka yanke musu gas ta fara kiran kamfanin da kanta, Yerim na zaune a gefe, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya, tana cizon leɓe. Duk sanda ta motsa sai uwar ta harare ta. An daɗe ana fama, ma'aikacin ya sha wahala, amma gas ya dawo. Wata rana kuma wani ya gwada irin ta mai jar hula. Kumsun ta saurare shi tsaf, ta gane kowace kalma, ta mayar masa da Turancin bariki wanda ya sa masu gareji suka miƙe suna tafi. Har yau in ta tuna sai ta yi ta dariya, ta ce ba ta taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Shekarar da Yerim ta gama sakandare, fasto ya tsaya ya karanto sunayen yara da manyan jami'o'in da suka samu, iyaye suna ta kumbura. Da ya zo kan Yerim da 'yar kwalejin garinmu sai ya sassauta murya ya yi sauri. Kumsun ta miƙe tsaye ta yi tafi ita kaɗai, Chunja ta taya ta, sannan Mista Pyo. Yanzu Yerim tana aiki a wani asibitin dabbobi a can garin Spokane. Ta ce ta zaɓi wurin ne don marasa lafiyarta ba sa neman tafinta.

Kumsun ta tsufa, an sayar da shago, gwiwa ta fara gardama. Ranar Lahadi da la'asar in ta dawo daga coci ta sauke Chunja a gida, sai ta ɗora miya ta kira Spokane.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Omma."

"Zuciyar fa?"

Wani lokaci Yerim takan yi dariya ta ba ta labarin wani kare mai taurin kai, kuma uwar ta san dariyar gaske ce. Wani lokaci kuma muryar nan takan dawo, mai sanyi, mara hawa da sauka.

"Lafiya lau, Omma."

Sai Kumsun ta kashe murhu, ta jawo kujera ta zauna, ta gyara riƙon waya.

"Amsar nan ta yi gajarta," ta ce. "Sake faɗa, da duk harshen da ya zo miki. Ina ji."